Gary Kildall: Malamin Da Ya Gina Babbar Manhaja A Cikin Kwamfutar Kwaikwayo

A cikin kowace kwamfuta akwai manhaja guda da sauran manhajoji ke dogaro da ita. Ita ce ke karɓar abin da aka buga a madannai, ta aika rubutu zuwa fuskar kwamfuta, ta kuma san inda kowane fayil yake ajiye a faifai. Ana kiran ta babbar manhaja. Wanda ya rubuta ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwar ƙananan kwamfutoci shi ne marigayi Gary Kildall, wani malami Ba'amurke, kuma ya rubuta ta ne tun na'urar da za ta ɗauke ta ba ta gama haɗuwa ba.

An haifi Kildall ranar 19 ga Mayu, 1942 a birnin Seattle da ke jihar Washington ta Amurka, a gidan da ke da makarantar koyar da tuƙin jirgin ruwa. Ya shiga Jami'ar Washington da burin zama malamin lissafi, amma sai kwamfuta ta ja hankalinsa, har ya samu digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1972. Ya yi hidimar soja ne a matsayin malami a makarantar gaba da digiri ta sojojin ruwan Amurka da ke Monterey, a jihar Kalifoniya.

Yana wannan koyarwa ne labarin Intel 4004 ya iso gare shi. Wannan ƙwaƙwalwar kwamfuta ce sukutum a kan ɗan guntun silikon, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1971. Kildall ya rubuta wata manhaja a babbar kwamfutar IBM ta makarantarsu da ke kwaikwayon yadda 4004 ke aiki. Manhajar kwaikwayo tana ɗaukar umarnin da aka rubuta wa wata na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta yi lissafin abin da na'urar za ta yi, ta rubuta sakamakon a wani wuri da ta ware a matsayin ma'adanar bayanan na'urar. Amfaninta ga mai rubuta manhaja babba ne, domin yana iya tsayar da aiki a kowane mataki, ya leƙa ciki, ya gano inda kuskure ya ɓuya, abin da ke da wuya a kan waya da ƙarfe.

Wannan ƙwarewa ta sa Intel ya ɗauke shi aikin ba da shawara a ranakun da ba ya aji. Ya rubuta wa kamfanin manhajar kwaikwayon ƙwaƙwalwar 8008 da ta 8080 wadda ta biyo bayanta, sannan a 1973 ya ƙirƙiro PL/M, harshen rubuta manhaja mai sauƙin karantawa na farko da aka yi domin irin waɗannan ƙananan ƙwaƙwale.

Sai dai akwai babbar matsala. Ƙananan kwamfutocin lokacin suna karanta bayanai ne daga zaren takarda mai huji-huji, aikin da ke cin lokaci ƙwarai. Kildall ya samo injin faifan fulofi mai faɗin inci 8 daga kamfanin Shugart, faifan da ke ɗaukar haruffa kimanin dubu 250. Amma injin na buƙatar allon lantarki da zai haɗa shi da kwamfuta, shi kuwa Kildall gwanin manhaja ne, haɗa wayoyi ba fagensa ba ne. Injin ya yi watanni a ajiye.

A wannan zaman jira ne ya koma kan manhajar kwaikwayon 8080, wadda ke gudana a babbar kwamfutar PDP-10 ta kamfanin DEC. A can ya rubuta zuciyar babbar manhajarsa da harshen PL/M: yadda za a raba faifai gida-gida, yadda za a riƙe jerin sunayen fayiloli, da yadda za a buɗe fayil, a karanta, a rubuta, a rufe. Ya gwada, ya gyara, duk a kan na'urar da ba ta wanzu ba sai a lissafi. Ya sa wa manhajar suna CP/M. A 1974 abokinsa John Torode, wanda suka san juna tun Jami'ar Washington, ya haɗa allon da ake buƙata, aka ɗora CP/M a kan na'ura ta zahiri a garin Pacific Grove, ta kuwa tashi.

Intel bai nuna sha'awar sayen CP/M ba. Saboda haka Kildall da matarsa Dorothy McEwen suka kafa kamfaninsu, Digital Research. Nan take wata sabuwar wahala ta bayyana: kowane kamfani yana ƙera kwamfutarsa da irin nasa faifai da madannai, kuma sake rubuta manhajar domin kowace na'ura aiki ne marar iyaka. A aikin da ya yi da Glenn Ewing domin kwamfutar IMSAI, Kildall ya tattara duk abin da ya shafi ƙarfen na'ura a ɗan ƙaramin sashe guda da ya kira BIOS. Sashen da ke kula da fayiloli, wato BDOS, da sashen da ke karɓar umarnin mai amfani, wato CCP, suka zama iri ɗaya a ko'ina. Mai ƙera kwamfuta BIOS kawai zai gyara. Ta haka manhaja guda, kamar WordStar ta buga rubutu, ta iya aiki a kwamfutocin kamfanoni daban-daban, masu rubuta manhaja kuma suka samu kasuwa mai faɗi.

A 1980 kamfanin IBM ya nemi babbar manhaja domin sabuwar ƙaramar kwamfutarsa, Bill Gates na Microsoft kuma ya nuna musu Digital Research. Tattaunawar ta cije tun a kan takardar alkawarin riƙe sirri da IBM ya gabatar, ba a kuma cimma yarjejeniya a lokacin ba. Microsoft ya sayi 86-DOS, wadda Tim Paterson ya rubuta bisa tsarin da manhajoji ke magana da CP/M, ya miƙa wa IBM. Kwamfutar IBM PC ta fito a Agustan 1981. An sayar da PC DOS a kan dala 40, ita kuwa CP/M-86 da ta biyo baya aka sa mata dala 240. Masu saye suka bi mai araha, kasuwa ta juya wa Digital Research baya.

Duk da haka Kildall bai daina ƙirƙira ba. Kamfaninsa ya fitar da MP/M mai bai wa mutane da dama damar aiki da kwamfuta ɗaya, da GEM mai amfani da hotuna da tagogi. A 1985 wani kamfaninsa ya sa kundin ilimi na Grolier a faifan CD-ROM. Ya kuma yi shekaru yana gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles tare da Stewart Cheifet. A 1991 kamfanin Novell ya sayi Digital Research.

Kildall ya rasu a Monterey ranar 11 ga Yuli, 1994, yana da shekara 52, kwana uku bayan wani rauni da ya samu a ka. A 2014 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa allon tunawa da CP/M a tsohon ofishin kamfaninsa da ke Pacific Grove. Sunan BIOS ya ci gaba da zama a bakin masu gyaran kwamfuta, kuma har yau ɗalibai da injiniyoyi masu gina zuciyar babbar manhaja kan fara gwada ta a manhajojin kwaikwayo irin su QEMU da gem5 kafin su ɗora ta a kan na'ura ta zahiri.