Maurice Wilks: Injiniyan da ya ƙera Land Rover don aikin gona

Motocin Range Rover da Defender da ake gani a manyan titunan duniya a matsayin abin hawan attajirai da masu mulki sun samo asali ne daga wata ƙaramar motar gona, marar ƙofa, marar rufi, wadda aka fito da ita a shekarar 1948 domin ceto wani kamfani da ke neman durƙushewa. Mutumin da ya kawo shawarar ƙera ta shi ne Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover na ƙasar Birtaniya, wanda ya rasu a 1963, shekara bakwai kafin fitowar Range Rover ta farko.

An haifi Maurice Fernand Cary Wilks ranar 19 ga watan Agusta, 1904, a tsibirin Hayling da ke gundumar Hampshire a kudancin Ingila, a daidai shekarar da kamfanin Rover, wanda ya yi suna wajen ƙera kekuna, ya soma fitar da motoci. Shi ne autan maza a gidansu. Ya yi karatu a kwalejin Malvern, sannan a 1926 ya haye zuwa Amurka inda ya yi shekara biyu a kamfanin General Motors yana nazarin yadda ake ƙera motoci masu yawa a lokaci guda. Da ya dawo gida ya kama aiki da kamfanin Hillman a birnin Coventry, inda yayansa Spencer, wanda ya girme shi da shekara 13, yake cikin shugabanni.

A 1929 Spencer ya koma Rover, Maurice kuma ya bi shi a 1930 a matsayin babban injiniya. Sun tarar da kamfanin yana tafka asara, ga tattalin arzikin duniya ya karye. Dabarar da suka ɗauka ita ce su daina gasa da masu ƙera motoci masu araha, su rage yawan abin da suke fitarwa, su kyautata ingancinsa. Kafin a shiga Yaƙin Duniya na Biyu, motar Rover ta zama abin hawan likitoci da lauyoyi da manajojin banki. Rabon aikin da ke tsakanin 'yan'uwan biyu a fili yake: Spencer yana riƙe da lissafi da hulɗa da masu hannun jari, Maurice yana tare da injuna, kuma a haka suka tafiyar da kamfanin fiye da shekara 30.

Yaƙi ya sauya komai. Bama-baman Jamus sun lalata masana'antar Rover ta Coventry a 1940, kamfanin kuma ya koma ƙera kayan yaƙi. Daga cikin ayyukan sirri da gwamnati ta damƙa masa akwai haɗa injin jet na jirgin sama wanda Frank Whittle ya ƙirƙira, kuma Maurice Wilks ne ya jagoranci injiniyoyin Rover a wannan aiki a garuruwan Barnoldswick da Clitheroe. Zaman bai yi daɗi ba. Wilks da abokin aikinsa Adrian Lombard suna ganin tsarin Whittle, wanda iska ke juyawa baya a cikinsa kafin ta fita, yana da wuyar ƙerawa, don haka suka sake masa fasali yadda iskar za ta wuce kai tsaye, ba tare da sun nemi yardar mai shi ba. Whittle ya fusata ƙwarai da ya gano, aikin ya yi ta jan ƙafa, har a farkon 1943 Rover ya miƙa shi ga Rolls-Royce, ya karɓi aikin ƙera injin tankar yaƙi mai suna Meteor a madadinsa. Masana tarihi sun sha bamban kan wanda ya fi laifi a wannan rigima, amma fasalin da su Wilks suka yi shi ne Rolls-Royce ya gina injinsa na Derwent a kai.

Bayan yaƙi sai Rover ya samu kansa a wani irin tarko. Ya gaji wata katafariyar masana'anta a Solihull, kusa da Birmingham, wadda gwamnati ta gina don injunan jiragen yaƙi, amma ba shi da abin da zai cika ta da shi. Ƙarfe ya yi ƙaranci, gwamnati ce ke raba shi, kuma tana fifita kamfanonin da ke sayar da kaya a ƙasashen waje saboda baitulmali na buƙatar kuɗin ƙetare. Motocin Rover kuwa na cikin gida ne, kusan ba su da kasuwa a waje. Idan ba a samo wani abin da duniya za ta saya ba, masana'antar za ta zauna fayau, ma'aikata su rasa abin yi.

Amsar ta fito daga gona. Wilks yana da gona a tsibirin Anglesey da ke arewacin Wales, inda yake amfani da wata tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka wajen ja da ɗaukar kaya. Motar ta yi masa amfani matuƙa, sai dai tana tsufa, kayan gyaranta na wuya, kuma babu wata mota ƙirar Birtaniya da za ta maye gurbinta. Ya tsinkayi cewa manoma da yawa, a gida da waje, suna cikin irin wannan buƙata. Labarin da iyalinsa da kamfanin suka adana shi ne, a 1947 ya zana wa Spencer siffar motar da yake tunani a kan rairayin gaɓar teku a Red Wharf Bay, a nan Anglesey. Cikin 'yan watanni aka haɗa ta gwaji a kan shasin Jeep, aka sa mata sitiyari a tsakiya kamar na tarakta, da nufin kauce wa ƙera ta dama daban, ta hagu daban. Ba a jima ba aka ga hakan ba zai yi ba, aka mayar da sitiyarin gefe.

Kusan duk abin da aka san Land Rover da shi daga baya, rashi ne ya haife shi. Da yake ba ƙarfe, sai aka yi gangar jikinta da wani haɗin alminiyon mai suna Birmabright, irin wanda masana'antun jiragen sama suka saba aiki da shi, wanda kuma samunsa ya fi sauƙi. Da yake ba kuɗin sayen manyan injunan da ke lanƙwasa jikin mota, sai aka bar fallayen a miƙe, ana naɗe su da ƙananan kayan aiki, abin da ya ba ta siffar akwati. Shasin ma da falle-fallen ƙarfe huɗu aka yi shi, aka yi musu walda suka zama kamar bututu mai kusurwa huɗu, sai ga shi ya fi na yawancin motocin zamanin ƙarfi. Hatta koren fentin da aka shafa wa na farko, ragowar na jiragen yaƙi ne. Injin kuwa, mai girman lita 1.6 da ƙarfin doki kusan 50, daga motar Rover ta zaman birni aka ɗauko shi. Abin da Wilks ya dage a kai shi ne ta yi aikin tarakta: ƙafafunta huɗu duka suna ja, tana da giyar ƙarfi ta hawa da laka, sannan akwai wata mahaɗa da ke fitar da ƙarfin injin waje don juya zarto ko injin sussuka ko famfon ruwa.

An nuna ta ga duniya ranar 30 ga Afrilu, 1948, a bikin baje kolin motoci na Amsterdam, a kan fam 450. A wannan farashi, ƙofofi da rufin tamfol sai mai saye ya ƙara kuɗi. Shugabannin Rover sun ɗauke ta a matsayin abin rage zafi na 'yan shekaru, kafin ƙarfe ya wadata su koma ga motocinsu na alfarma. Lissafin bai tafi haka ba, domin zuwa 1951 ana sayar da Land Rover kusan ninki biyu na sauran motocin kamfanin, mafi yawansu kuma a ƙasashen waje. Manoma kaɗan ne suka yi huɗa da ita, amma sojoji da 'yan sanda da masu safiyo da masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan lafiya sun rungume ta. A 1954 aka ba Winston Churchill guda ɗaya kyautar cika shekara 80, a 1955 zuwa 1956 kuma ɗalibai shida daga jami'o'in Oxford da Cambridge suka tuƙa guda biyu daga Landan har Singafo. A Najeriya ma dattawa na tuna ta a matsayin motar rangadin jami'an mulki da malaman gona da likitocin dabbobi, a zamanin da kwalta ba ta wuce manyan garuruwa ba.

Mallakar ta kuwa sai mai haƙuri. Tana da ƙara, tana da jijjiga, kujerunta ba su da taushi, ruwan sama na shiga ta gefen ƙofa, kuma yoyon mai a ƙarƙashinta abu ne da masu ita suka saba da shi. Jikin alminiyon ba ya tsatsa, sai dai shasin da bangon gaban direba na ƙarfe ne, kuma a nan lalacewa ke ɓuya har mai mota ya yi zaton lafiya ƙalau take. Abin da ya rufe waɗannan aibobi shi ne sauƙin gyara. Kusan komai da noti aka ɗaure shi, makanikin ƙauye mai 'yan sufanu zai iya kwance ta ya mayar, kuma kayan wata shekara sukan shiga ta wata. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin na farkon suke kan hanya har yau.

Wani abin lura a rayuwar Wilks shi ne, motar da ta ɗaukaka sunansa ba ita ce ta fi cin ransa ba. Tun daga aikin jet na lokacin yaƙi ya yi imani cewa irin wannan injin mai farfela zai maye gurbin injin fistin a motoci. A watan Maris na 1950 Rover ya nuna JET1, mota ta farko a duniya mai irin wannan injin, wadda a 1952 ta yi gudun da ya haura kilomita 240 a sa'a guda a kan wata hanya a Jabbeke ta ƙasar Beljiyam. An ci gaba da gwaje-gwaje shekara da shekaru, har wata motar tsere da Rover ya haɗa da kamfanin BRM ta kammala tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa a watan Yunin 1963. Amma injin yana shan mai fiye da kima, yana jinkirin amsa totur, ga tsadar ƙerawa, don haka ko mota ɗaya ba a sayar wa jama'a ba. Ribar motar gona ce ta ɗauki nauyin wannan dogon buri.

Tunanin haɗa ƙarfin Land Rover da jin daɗin motar birni ma ya zo masa tun da wuri, sai dai bai yi nasara a kai ba. A ƙarshen 1948 an fito da wata mai rufaffen jiki da kujeru bakwai wadda kamfanin Tickford ya yi wa gangar jiki, amma hukumar haraji ta lissafa ta a cikin motocin hawa, ba na aiki ba, harajin ya sa ta yi tsada, kuma waɗanda aka sayar ba su kai 700 ba. Daga 1951 aka shiga wani gwajin mai suna Road Rover, aka yi ta sake masa fasali har aka watsar da shi a 1958, shekarar da aka fito da Land Rover zubi na biyu.

Ta fuskar muƙami, Wilks ya zama daraktan fasaha a 1946, ya haɗu da yayansa a kujerar manajan darakta a 1956, ya riƙe ta shi kaɗai daga 1960, sannan ya gaji Spencer a matsayin shugaban kamfanin a watan Janairun 1962. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da kunya da gudun taro, mutum ne da ya fi sakewa a ɗakin gwaji ko a gona fiye da zauren taron daraktoci. Ya auri Barbara Martin-Hurst a 1937, suka haifi 'ya'ya uku. Ana iya yi wa Rover na zamaninsa kallon kamfanin dangi, domin 'yan'uwa da surukai sun riƙe manyan kujeru da dama, sai dai daga cikin dangin nan ne aka samu Charles Spencer King, ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya yi aiki a kan motocin jet sannan ya kammala abin da kawunsa ya bari.

Wilks ya rasu ranar 8 ga Satumba, 1963, a gonarsa da ke kusa da Newborough a Anglesey, yana da shekara 59. Wata guda bayan haka Rover ya ƙaddamar da motarsa ƙirar 2000, wadda aka tsara a ƙarƙashin kulawarsa, ta kuma zama ta farko da ta lashe kambin motar shekara ta Turai a 1964.

King da Gordon Bashford, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka zana Land Rover ta farko, su ne suka fito da Range Rover a watan Yunin 1970, da injin V8 wanda Rover ya sayi haƙƙin ƙera shi daga General Motors, tsohon wurin aikin Wilks. Ita ma da farko ba motar ƙawa ba ce: ƙofa biyu gare ta, kujerun roba, da daɓen da ake iya wankewa da tiyo. Masu kuɗi ne suka ja ta zuwa inda take a yau, kamfanin ya bi su da ƙofa huɗu a 1981, daga baya da kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki, har ta shiga kasuwar Amurka a 1987. A daidai wannan lokaci kuma kasuwannin da suka gina sunan Land Rover, wato Afirka da Ostireliya da Gabas ta Tsakiya, suka riƙa komawa ga Land Cruiser ta kamfanin Toyota, wadda ta fi ƙarancin lalacewa, kayan gyaranta kuma suka fi samuwa.

Kamfanin da 'yan'uwan biyu suka ceto bai daɗe da 'yancinsa ba bayan su. Ya shiga hannun Leyland a 1967, gwamnati ta karɓe rukunin a 1975, sannan Land Rover ya bi ta hannun British Aerospace a 1988, BMW na Jamus a 1994, Ford na Amurka a 2000, da Tata na Indiya a 2008. An daina ƙera motoci masu sunan Rover a 2005. Motar gonar kuwa, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, ta ci gaba da fita daga masana'antar Solihull har zuwa 29 ga Janairu, 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu. Kabarin Maurice Wilks yana harabar wata ƙaramar majami'a a Llanfair-yn-y-Cwmwd, a tsibirin Anglesey, ba nisa da gonar tasa.