Ibnul Bawwab: Ɗan Mai Tsaron Ƙofa da Fasalin Shafin Alƙur'ani

Abul Hasan Aliyu ɗan Hilal, wanda aka fi sani da Ibnul Bawwab, wato ɗan mai tsaron ƙofa, ya rayu a Bagadaza a zamanin da sarakunan Buwaihi ke juya daular Abbasiyawa. Sana'arsa ta farko ita ce yi wa gidaje ado. Daga nan ya koma zayyanar littattafai, kafin ya duƙufa ga rubutu. Ya gaji ƙa'idar waziri Ibn Muƙla (ya rasu 940), wanda ya auna haruffa da ɗigon alƙalami, ya kuma ƙara mata laushi da armashi.

An rawaito cewa lokacin da yake kula da taskar littattafan Sarki Baha'ud Daula a Shiraz, ya tarar da juzu'i 29 na wani Alƙur'ani da Ibn Muƙla ya rubuta, ɗaya ya ɓace. Sarki ya umarce shi da ya cike giɓin. Ya nemo tsohuwar takarda, ya kwaikwayi hannun magabacinsa, har sarki ya kasa gane sabon juzu'in a cikin sauran.

An ce ya rubuta Alƙur'ani sau 64, amma kwafi ɗaya masana suka fi amincewa nasa ne: wanda ya kammala a Bagadaza a 391 Hijira (1000–1001 Miladiyya), yana ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. Warƙa 286 ne, kowane shafi da saɗara 15. A kan takarda ya rubuta shi maimakon fata, da rubutu mai lanƙwasa maimakon Kufi mai kusurwoyi. Sunayen surori da ruwan zinariya suke. Akwai alama bayan kowace aya biyar da kowace goma, kwatankwacin kumsa da kuri na alarammomin ƙasar Hausa, wuraren sujada kuma an nuna su a gefen shafi. Ado a nan jagora ne ga idon mai karatu.

Ya rasu a 1022, aka binne shi kusa da Imamu Ahmad ɗan Hanbali. Bayan rasuwarsa, mutumin da ya kwaikwayi hannun wani ya zama abin kwaikwayo: an riƙa jingina masa littattafan da ba nasa ba don su yi tsada. Nazarin da D. S. Rice ya wallafa a 1955 ya auna rubutu da zayyana tare wajen tace na gaske daga jabu, domin a hannun Ibnul Bawwab biyun ba su rabuwa.