Georg Ohm: Malamin sakandaren da ya gano dokar lantarki

Duk ɗalibin da ke bitar darasin lantarki a Wasagu ko sauran garuruwan masarautar Zuru domin jarrabawar WAEC da NECO ya san dokar V = IR. Wanda ya gano ta shi ma malamin sakandare ne.

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen na Jamus ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, ya kuma koyar da 'ya'yansa. Ohm ya shiga jami'a a 1805, sai shagala ta ɗauke hankalinsa, uban ya tura shi Suwizalan inda ya kama koyarwa. Daga baya ya dawo ya sami digirin digirgir a 1811.

A 1817 ya fara koyarwa a wata sakandare a birnin Cologne, kuma a ɗakin gwajinta ya soma bincike. Batirin da Alessandro Volta ya ƙirƙiro a 1800 ƙarfinsa hawa yake yana sauka, awo ba ya tsayawa. Sai Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. Da haka ya sami tunkuɗar lantarki tsayayya, ya gwada ta a wayoyi masu tsawo daban-daban.

Littafinsa na 1827 ya nuna cewa kwararar lantarki (I) tana ƙaruwa daidai da ƙarfin tunkuɗa (V), tana raguwa idan turjiyar waya (R) ta ƙaru. Batir mai bolt 12 da aka jona wa turjiya mai om 4 zai tura amfiya 3.

Masanan Jamus da dama sun yi watsi da aikin. Ohm ya ajiye koyarwa a Cologne, ya zauna a Berlin cikin ƙunci har 1833, lokacin da ya sami gurbi a Nuremberg. Daga waje yabo ya fara zuwa: a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar Copley. Kujerar farfesa a Jami'ar Munich kuwa sai a 1852 ya hau ta, ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1854.

A 1881 taron masana lantarki na duniya a Paris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya, ma'aunin da ɗalibi zai rubuta a ƙarshen amsarsa.