Ajayi Crowther: Dattijon da Samari Masu Ji da Ilimi Suka Raina

Yana yaro aka kama Ajayi bawa, wajen 1821. Sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar da shi, ya yi karatu a Saliyo, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. A 1864 ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika.

A 1890, wasu samarin Turawan mishan masu shirin shiga ƙasar Hausa, suna ji da iliminsu, suka dakatar da fastocinsa a gabansa a Onica, har da ɗansa. Shekara ta zagayo ya rasu a Legas. Sai 2014 shugaban cocin ya nemi gafara.

Samarin nan fa sun san Littafin sosai, ƙauna ce suka rasa. Ɗan'uwa, kafin ka kunyata wani dattijo a Facebook, tuna da su.