Dave Valentine

David Donald Valentine (an haife shi ranar 12 ga Satumba 1926, ya rasu ranar 14 ga Agusta 1976) ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne daga ƙasar Sukotland. Shi ne kyaftin na farko da ya ɗaga Kofin Duniya na zari-ruga mai 'yan wasa 13, a shekarar 1954.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Hawick da ke kudancin Sukotland. Ya fara da zari-ruga mai 'yan wasa 15 a ƙungiyar garinsu, kuma ya buga wa Sukotland wasa biyu a 1947. A wancan lokaci ba a biyan 'yan wannan rukuni albashi, kuma duk wanda ya koma rukunin 'yan 13 don neman kuɗi, an rufe masa ƙofar dawowa. Duk da haka Valentine ya koma ƙungiyar Huddersfield ta arewacin Ingila a wannan shekarar.

Rayuwar wasa

Ɗan wasan gaba ne mai ƙarfin jiki, yana sanye da lamba 13. Da shi Huddersfield ta zama zakaran Ingila a 1949, ta kuma ci kofin Challenge a filin Wembley a 1953, bayan ta doke St Helens da ci 15 da 10. Ya fara buga wa Birtaniya wasa a 1948, a karawarta da Ostireliya.

Kofin Duniya na 1954

Faransa ce ta ɗauki nauyin gasar, ƙasashe huɗu suka shiga. Yawancin manyan 'yan wasan Birtaniya ba su je ba, domin ba su daɗe da dawowa daga doguwar tafiyar wasanni a Ostireliya da New Zealand ba. Aka ba Valentine ragamar tawaga mai cike da sababbin shiga, wadda mutane suka raina. Sai ga shi sun doke Ostireliya da New Zealand, sun yi canjaras da Faransa. A wasan ƙarshe, ranar 13 ga Nuwamba a filin Parc des Princes na birnin Paris, suka ci Faransa 16 da 12.

Bayan ritaya

Valentine ya zama kocin Huddersfield, ya kai ta ga zama zakaran Ingila a 1962. Ya rasu yana da shekara 49.