Joseph Haydn: Mawaƙin Fada Da Ya Koya A Hannun Magabata

Tun ina jami'a wani abokina ya ba ni faifan waƙoƙin Joseph Haydn, kuma har yau in na taso daga ofis nakan saurare shi. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura muku tarihinsa.

An haifi Haydn a ƙauyen Rohrau na ƙasar Ostiriya a 1732. Mahaifinsa maƙerin ƙafafun keken doki ne. Yana yaro ya shiga ƙungiyar mawaƙan babban cocin Biyana, amma da muryarsa ta fashe wajen 1749 sai aka sallame shi. Ya sha wuya ƙwarai kafin ya samu shiga hidimar Nicola Porpora, wani dattijo ɗan Italiya, gwanin salon da Turawa ke kira barok. Yana yi masa aikin gida, yana kuma kaɗa masa in yana koyar da ɗalibai. A nan ya san yadda ake tsara waƙa don muryar ɗan Adam.

A 1761 gidan sarautar Esterhazy ya ɗauke shi aiki. Ya yi kusan shekara 30 yana sanye da kayan barorin fada, yana tsara wasannin waƙa na opera don Yarima Nikolaus. Bayan rasuwar Yariman a 1790 ya tafi Landan, inda waƙoƙin Handel suka ratsa shi, har ya tsara babbar waƙarsa kan halittar duniya, wadda aka fara rerawa a 1798. Ya rasu a 1809.

An daɗe da manta da yawancin operar da ya yi a fada, sai a shekarun 1970 Antal Dorati ya naɗe takwas daga cikinsu a faifan Philips. Duk wanda ya kasa kunne zai ji sawun barok a ciki, musamman inda mawaƙi ke rera zance kamar hira, wani tsohon kakan fiyano na raka shi.

Ni da nake ma'aikacin gwamnati, nakan tuna da shi duk ranar da na raina wani tsohon akawu. Haydn bai raina Porpora ba, ga shi kuwa yau sunansa ya shafe na iyayen gidansa. Allah ya sa mu gane darajar malamanmu.