CHARLES ROBINSON: RASUWAR WANSA A LAKWAJA CE TA KAWO SHI KANO

Kafin ƙamus na Bargery ya fito a cikin shekarar 1934, da wuya Baturen mulki ya sauka a Jihar Arewa ba tare da littattafan Charles Henry Robinson a cikin akwatinsa ba, watau nahawunsa na Hausa da ƙamus ɗinsa mai juzu'i biyu. Da su ne razdan-razdan da di'o-di'o na farko suka yi shirin jarrabawar Hausa wadda Gwamna Lugga ya wajabta musu. Amma shi mawallafin bai tashi da niyyar zama masanin Hausa ba. Limamin coci ne a Ingila, yana da muƙaminsa da albashinsa, har ya ba shekara talatin baya bai taɓa taka ƙasar nan ba. Abin da ya juya rayuwarsa shi ne rasuwar wansa a Lakwaja.

An haifi Charles a cikin 1861 a Keynsham, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila, inda mahaifinsa George Robinson yake limancin coci. Daga baya aka mayar da uban wata majami'a a unguwar talakawa ta birnin Libaful, can ne yaran suka yi makaranta. Su 13 ne a wurin mahaifinsu, gidan kuwa ba na wadata ba ne, amma gida ne na karatu da ibada. Uban ya rasu a cikin 1881, ya bar ƙananan ba su gama makaranta ba. Duk da haka 'ya'yansa maza suka bi juna zuwa Jami'ar Kambirij, kuma biyar daga cikinsu, Arthur da Armitage da John da Charles da Forbes, sun yi suna a aikin addinin Kirista. Armitage ne ya fi ɗaukaka, gama ya riƙe shugabancin babbar majami'ar Westminster, inda ake naɗa sarakunan Ingila, daga 1902 zuwa 1911.

John Alfred Robinson, wanda Charles yake bi, shi ne ya zaɓi Afirka. Ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., aka turo shi bakin Kwara a cikin 1887 ya zama sakataren aikinta a wannan yanki, ƙarƙashin Bishop Samuel Ajayi Crowther. A nan ya haɗu da wani saurayi mai zafin himma, Graham Wilmot Brooke, wanda ya sha yunƙurin shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, watau dukan ƙasashen da ke kudu da Hamada tun daga Sanagal har Kogin Nilu. Su biyu suka shirya wata ƙaramar ƙungiya, suka sauka Lakwaja a cikin 1890, da nufin su koyi Hausa sa'an nan su nufi Kano da Sakkwato. Suka sa riga da rawani, suka ci abincin mutanen gari, har suka bayyana cewa ba su neman kariyar gwamnatin Ingila, sun yarda su zauna ƙarƙashin hukuncin sarakunan da za su shiga ƙasarsu.

Akwai wani ɓangare na tarihin John wanda littattafan mishan na dā suka riƙa wucewa da sauri. Shi da Brooke suna ganin limaman Afirka da ke aiki tare da Crowther sun yi sakaci da addini, kuma ba su iya bakinsu ba wajen faɗin haka. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta 1890 aka dakatar da limamai da dama, har da ɗan Bishop ɗin, a gaban idon tsohon, wanda ya fara shiga Kwara tun 1841, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin masu tuhumar. Crowther bai warke daga wannan wulakanci ba, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Masana tarihi na Nijeriya ba su yafe wa waɗannan samari ba, kuma suna da hujja.

To, John ma bai kai ganin ƙarshen rikicin ba. Ya duƙufa a kan Hausa dare da rana, yana zama da malamai da fatake, yana tattara kalmomi, har ya rubuta fassarar Linjilar Matta. A cikin watan Yuni 1891 ciwo ya kama shi, ya rasu a Lakwaja yana da shekara talatin da 'yan kai, bai ga ganuwar Kano ba. Brooke ya bi shi a watan Maris 1892. Ƙungiyar ta watse, ba ta kafa kome a ƙasar Hausa ba.

Ga wanda ke kallo daga waje, asara ce tsantsa: malami mai kaifin basira ya bar Kambirij ya zo ya mutu a bakin kogi, aikinsa yana cikin takardu da ba a buga ba. 'Yan'uwansa ba haka suka ɗauki al'amarin ba. Tarbiyyar da suka tashi a cikinta ta koya musu cewa mutuwa ba ita ce ƙarshen mai bi ba, akwai tashin matattu, kuma aikin da aka fara domin Allah ba ya zama banza don mai yinsa ya faɗi a tsakiya. Wannan imani bai hana su baƙin ciki ba, amma ya ba su abin yi da shi. Maimakon su tsaya a kan gina masa wani abin tunawa na dutse, sai su da abokansa suka kafa wata ƙungiya a Landan da sunansa, Ƙungiyar Hausa, wadda manufarta ita ce a ci gaba da nazarin harshen da kuma fassara Littafi Mai Tsarki a cikinsa.

Ba masu makoki kaɗai ke cikin ƙungiyar ba. Sir George Goldie, shugaban Kamfanin Kwara, shi ne kan gaba, kuma kowa ya san bukatarsa ga harshen Hausa ta ciniki ce da ta mulki. Akwai kuma manyan malaman jami'a da shugabannin coci. Kowa da abin da ya kawo shi. Da aka zo neman wanda za a aika ya ɗora daga inda John ya tsaya, Charles ne ya karɓa. A lokacin yana da muƙami a babbar majami'ar Truro, ya taɓa aiki a Ostireliya, kuma a cikin 1892 Babban Limamin Kantabori ya aike shi Armeniya ya duba halin da cocin can yake ciki. Ya ajiye wannan duka ya ɗauki takardun wansa.

Bai taho nan kai tsaye ba. A cikin 1893 ya tafi Arewacin Afirka, ya zauna a Tarabulus da Tunis, inda akwai Hausawa da yawa, waɗansu alhazai ne da hanya ta biyo da su, waɗansu fatake, waɗansu kuwa bayi ne da aka 'yanta. A wurinsu ya gyara harshensa. Ya so ya ƙetare Hamada da ayari har Kano, hanya ba ta yiwu ba, sai ya zagayo ta teku. A cikin 1894 ya shigo Kwara tare da abokan tafiya biyu, ɗayansu likita ne, Dokta Tonkin. Suka biya ta Lakwaja inda kabarin wansa yake, suka hau Binuwai zuwa Loko, daga nan suka kama hanyar fatake ta Nasarawa da Kafi har Zariya.

A Zariya suka tarar da wani saurayi ɗan mishan daga Kanada, Walter Gowans, ciwo ya ci ƙarfinsa, an kuma kwashe masa kaya a hanya. Suka taimake shi da abin da za su iya, aka kama hanyar mayar da shi bakin teku, amma ya rasu a Girku cikin watan Nuwamba. Shi ma ɗan gidan mishan ne, 'yar'uwarsa tana aiki a ƙasar Sin, kuma ƙungiyar da ya fara tare da abokansa biyu ita ce daga baya ta zama S.I.M. Watau Charles ya sake ganin irin abin da ya sami wansa, wannan karo da idonsa.

Sun shiga Kano a ƙarshen watan Disamba 1894. Lokacin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne, gama ana cikin Basasa, Aliyu Babba ya shiga birni ba da daɗewa ba, Tukur kuma yana waje bai miƙa wuya ba. Duk da haka an bar su suka zauna kimanin wata uku. Charles bai yi wa'azi a kasuwa ba, a matsayin mai neman ilmi ya zo, kuma watakila shi ya sa aka ƙyale shi, domin Sarki Aliyu ɗin ne ya sallami Bishop Tugwell da Dokta Miller daga birnin cikin 'yan kwanaki sa'ad da suka zo da niyyar kafa mishan a 1900. Zazzaɓi ya sha kwantar da shi, amma duk ranar da ya sami sauƙi sai ya zauna da malamai yana gyara ƙamus ɗin Schön na 1876 kalma bayan kalma, yana kuma neman rubutattun waƙoƙi na ajami. Dokta Tonkin shi kuma ya ba da ƙarfinsa ga duba kutare. Suka komo ta ƙasar Gwari da Bida, suka isa Ingila a cikin 1895.

Abin da ya biyo baya aiki ne mai yawa cikin ɗan lokaci. A 1896 ya buga labarin tafiyarsa mai suna Hausaland, da kuma wani littafi na waƙoƙin wa'azi shida, har da na Muhammadu na Birnin Gwari, tare da ɗan tarihin Zazzau. A cikinsa an buga hoton rubutun ajamin yadda malamai suka yi shi, ga kuma boko da fassara. Ga ɗalibin adabin Hausa wannan shi ne mafi daraja a cikin ayyukansa, domin ya adana waƙoƙin kamar yadda ake karanta su kafin zuwan Turawa, ko da yake fassarar tasa ta kauce a wurare da dama inda mawaƙin ya jingina da Larabci ko da ilmin fikihu. Nahawu ya fito a 1897, Jami'ar Kambirij kuma ta naɗa shi malamin Hausa. Juzu'in farko na ƙamus ya fito a 1899, na biyu a 1900, daidai lokacin da Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Kwara.

Ya kamata a faɗi iyakar aikin. Wata uku a Kano ba su isa mutum ya ji Hausa sosai ba. Kunnen Robinson bai kama karin sauti ba, bai kuma daidaita tsawon wasula ba, har ma bambancin da ke tsakanin baƙaƙe masu lanƙwasa da marasa ita bai zauna masa daram ba a bugun farko. Sai da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa hannu aka gyara nahawun a bugun 1905. Ra'ayinsa game da Musulunci kuwa mai tsauri ne, irin na 'yan mishan na zamaninsa, ya kuma rubuta littafi guda a kan haka a 1897. Abin da ya gani na harin bayi da cinikinsu ya sa ya goyi bayan Ingila ta ci ƙasar da yaƙi, rubuce-rubucensa kuma sun zama hujja a hannun masu son hakan. A ɗaya gefen, ya yaba wa Hausawa ƙwarai wajen sana'a da fatauci da karatu, ya kwatanta Kano da manyan biranen masana'antu na ƙasarsu saboda saƙa da rini, ya kuma nace wa Turawa cewa harshen da shi ya ƙiyasta mutum miliyan 15 ke magana da shi ya cancanci kujera a jami'a.

A cikin 1902 ya koma Landan ya zama sakataren ɗab'i na wata tsohuwar ƙungiyar mishan, S.P.G., ya kuma kafa mata mujalla a shekarar da ta biyo. Yana cikin wannan aiki mutuwa ta sake shiga gidansu. Ƙanensa Forbes, malami a Kwalejin Christ ta Kambirij, masanin harshen Kibɗawan Masar, ya rasu a watan Fabrairu 1904 yana da shekara 36. Forbes mutum ne mai shiru, wanda aka san shi da yawan addu'a domin ɗalibansa da kuma rubuta musu wasiƙu bayan sun bar jami'a. Charles ya sake yin abin da ya yi wa John. Ya bi abokan marigayin ya karɓo wasiƙun, ya shirya su, ya rubuta tarihin rayuwarsa a farkon littafin. Da fari don dangi da abokai kawai aka buga shi, amma mutane suka yi ta nema har aka sake shi ga kowa, aka kuma yi ta maimaita bugunsa shekara da shekaru. A 1905 ya tattara wa'azozin Forbes ya buga su su ma. Bayan shekara huɗu ya wallafa nasa littafin a kan tashin Almasihu daga matattu, wanda shi ne ginshiƙin begen da gidan nan ya dogara a kai tun 1891.

Sauran shekarunsa ya ba da su ga tarihin yaɗuwar addinin Kirista, babban littafinsa a kan haka ya fito a 1915. Bai sake zama a ƙasar Hausa ba, amma bai saki ƙamus ɗin ba. Turawan mulki da 'yan mishan da ke Arewa suna aika masa da gyare-gyare da sababbin kalmomi, shi kuma yana shigar da su bugu bayan bugu. Ya kuma sake shirya Magana Hausa na Schön a 1906, littafin da ke ɗauke da labarin Dorugu. Bugu na huɗu na ƙamus ya fito a cikin 1925, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara Charles Robinson ya rasu yana da shekara 64. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda John ya taɓa sa hannu a aikin fassararsa da Linjila guda a Lakwaja, ya fito a 1932, yawancin aikin kuwa na Dokta Miller ne na Zariya.